Ƙwarewa a Ciwon Daji da Cututtukan Jini: A Tsaya Gida, Ko a Nufi Ingila, Ko Amurka?

Duk shekara, idan ƙananan likitoci suka gama aikin hausjob, wato shekarar farko ta koyon aiki a asibiti, suka wuce hidimar ƙasa, ba a rasa ɗaya ko biyu da wani abu ya zauna musu a rai. Wani ya kwana kan yaro mai sikila yana murƙususu da ciwon ƙashi har asuba. Wata ta karɓi mace 'yar shekara 35 da ta zo da kansar nono bayan ta riga ta fashe, an gama zagaye da ita wajen masu magani. Sai ka ga sun ƙudurta cewa a wannan fanni za su ƙware, amma kuma hanya ta rabu uku a gabansu, kowa da abin da yake gaya musu. Kai nake yi wa magana, ƙanena likita, ke ma haka ƙanwata. Zan riƙa cewa "kai" ne kawai don sauƙin zance.

Buƙatar dai ba ta ɓuya ba. Ƙiyasin hukumar binciken kansa ta duniya na shekarar 2022 ya nuna Nijeriya ta samu sababbin masu kansa kusan 128,000, mutum kusan 80,000 kuma suka rasu a dalilinta. Jarirai wajen 150,000 ake haifa da sikila kowace shekara a ƙasar, babu ƙasar da ta kai mu. Saboda haka duk inda ka bi, aiki yana nan yana jiranka. Tambayar ita ce wace hanya ce za ta shirya ka ga aikin da kake nufi.

Sunan ɗaya ne, aikin ba ɗaya ba ne

Wannan shi ne abin da na ga mutane da yawa ba su lura da shi sai sun yi nisa, don haka da shi zan fara.

A Amurka, jini da kansa haɗe suke a hannun likita guda. Wanda ya gama horon can yana duba mai kansar jini da safe, ya duba mai kansar hanji da rana, ya rubuta musu kemo duka, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa. Amma ba ya yin gashin kansa, wato gasa ciwon dajin da haske daga inji; wannan fanni ne daban da nasa likitocin. Kuma ba shi ke sa hannu a sakamakon ɓargo ba, akwai likitan ɗakin gwaji da ya ƙware a kan haka. Bankin jini ma yawanci ba a hannunsa yake ba.

A Ingila an raba su. Likitan jini ƙafarsa ɗaya tana ɗakin gwaji, ɗaya tana ɗakin marasa lafiya: shi zai ɗebi ɓargo, shi zai zauna gaban madubin likita, mai girmama ƙananan abubuwa, ya karanta, shi zai gaya wa mara lafiya abin da ya gani, shi zai ba da magani, kuma bankin jini yana ƙarƙashin kulawarsa. Kansar da ba ta jini ba kuwa tana hannun mutum biyu: mai ba da magani zalla, da kuma wanda ya haɗa magani da gashi.

Mu a nan tsarin Ingila muka gada. Likitan jini a Kano ko Zariya ko Sakkwato yana riƙe da sikila, da kansar jini, da limfoma mai kumbura kaluluwa, da mayeloma mai kama ɓargo, da hemofiliya mai hana jini daskarewa, da gudajin jini a jijiya, da bankin jini, da madubi. Kansar nono, da ta bakin mahaifa, da ta furostet, da ta maƙogwaro kuwa galibi suna komawa hannun likitan gashi, wanda shi ne kuma ke ba da kemo. Kansar yara tana hannun likitocin yara.

Ka ga ke nan, kafin ka tambayi wace ƙasa, ka fara tambayar kanka wane mara lafiya kake so ka riƙa gani ranar Litinin da safe nan da shekara 15, kuma a wane gari.

Ma'aunan da za mu yi amfani da su

Bayan wancan na farko, akwai guda biyar. Kuɗin da za ka kashe kafin ka fara karɓar albashi. Shekarun da za ka ɗauka kafin a kira ka kwansaltan, wato babban likita ƙwararre. Sauƙin samun gurbi. Ƙarkon takardar, wato a ina take ci kuma har yaushe. Sai haɗari, wato abin da zai iya tsayar da kai a tsakiyar hanya bayan ka riga ka zuba dukiya da ƙuruciya. Na ƙarshen nan shi ne wanda masu ba da labarin nasara suka fi tsallakewa.

Hanya ta farko: residensi, wato horon ƙwarewa, a gida

Kwaleji biyu ke ba likitan jini takardar ƙwarewa a nan. Akwai Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas, wadda aka kafa a 1979, inda fannin jini yake ƙarƙashin tsangayar fatoloji, wato ta likitocin ɗakin gwaji, takardarta FMCPath. Akwai kuma Kwalejin Likitocin Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1976, takardarta FWACP. Mai son gashin kansa kuma yana bi ta kwalejin ƙasa ko ta Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Afirka ta Yamma. Tsarin iri ɗaya ne: ka ci jarrabawar shiga da ake kira firamare, ka samu gurbi a asibitin da kwaleji ta amince da shi, ka yi ƙaramin residensi ka ci jarrabawar kashi na ɗaya, wato fat wan, ka yi babban residensi, ka rubuta kundin bincike ka kare shi a jarrabawar ƙarshe, wato fat tu. Idan komai ya tafi daidai, shekara 5 zuwa 6 ne.

Ta fuskar kuɗi babu hanyar da ta kai wannan sauƙi. Albashi kake karɓa tun ranar farko. Kuɗin jarrabawa, da na kwasa-kwasan da kwaleji ta wajabta, da na mota da masauki zuwa Legas ko Ibadan ko Abuja, su ne manyan kashe-kashen, kuma dokar horar da likitoci masu neman ƙwarewa ta 2017 ta tanadi asusun da zai riƙa rage wannan nauyi ga ma'aikatan asibitocin tarayya. Biyan kuɗin asusun a kan lokaci shi ne ya zama ɗaya daga cikin abubuwan da ake ta yajin aiki a kansu. Albashin kansa, bayan faɗuwar naira tun 2023, ya zama abin da ba ya riƙe mai iyali sai da ƙarin aiki a asibitin kuɗi da yamma, kuma wannan ƙarin aikin lokacin karatu yake ci.

Samun gurbi a fannin jini ya fi sauƙi a kan fannin haihuwa ko fiɗa, domin masu nema ba su da yawa. Matsalar ita ce asibiti yana iya shekara biyu bai ɗauki kowa ba. Gurbin gashin kansa kuwa ya fi ƙaranci, saboda cibiyoyin da ke da injin ba su da yawa: a Arewa akwai irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da Babban Asibitin Ƙasa a Abuja, sai sabuwar cibiyar da aka buɗe a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina a 2025.

Yanzu ga abin da ya sa nake girmama wannan hanya. Babu inda za ka ga sikila kamar nan. Abin da likitan Landan zai gani a shekara, kai za ka gan shi a wata guda: ciwon ƙashi, ciwon ƙirji, gyambon ƙafa, lalacewar kan cinya, mai juna biyu da jininta ya yi ƙasa, yaron da ɓarin jikinsa ya shanye yana ɗan shekara 6. Hannunka zai faɗa da ɗibar ɓargo, idonka zai saba da madubi. Za ka koyi abin da ba a rubuta a littafi ba: yadda ake zama da uba a lissafa masa kuɗin zagaye shida na kemo, a san wanne za a iya samu da wanne za a musanya, yadda ake neman jini da daddare, yadda ake gaya wa dangi gaskiya ba tare da an yanke musu ƙauna ba, yadda ake yi wa saurayi da budurwa bayanin AS da AS kafin a sa rana. Kuma kada wani ya gaya maka ba a bincike mai daraja a gida. Binciken SPRING, wanda likitocin Kano da Kaduna suka yi tare da Jami'ar Vanderbilt, shi ya nuna cewa idan aka auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwar yara masu sikila, aka ɗora masu haɗari a kan maganin haidroksiyuriya, ko da ƙaramin awo ne, ana kare su daga shanyewar ɓarin jiki. Sakamakon ya fito a 2022, kuma duniya ce ta ɗauka daga gare mu.

Raunin hanyar ma ba zan ɓoye maka ba. Za ka karanta gwaje-gwajen da ke bambance nau'in kansar jini, ka amsa su a jarrabawa, alhali ba lallai ka taɓa yin su da hannunka ba. Sau da yawa sai an aika samfuri Legas ko waje, mara lafiya kuma ba shi da kuɗin. Injin gashi yana lalacewa ya yi watanni. Dashen ɓargo, wanda aka fara yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, asibitin koyarwa na Legas kuma ya fara nasa a 2024, har yanzu bai zama abin da kowane mai neman ƙwarewa ke tsayawa a kansa ba. Yajin aiki yana tsawaita shekaru. Na 2021 ya kai wata biyu. Kuma yayin da manyan likitoci ke ficewa, wasu sassan sun koma hannun kwansaltan ɗaya ko biyu. Kafin ka karɓi gurbi, ka je sashen da ƙafarka ka ƙirga manyan da suke nan da gaske, ka tambayi waɗanda ke ciki yaushe rabon da wani ya ci fat tu.

Takardar gida tana ci a Nijeriya har ƙarshen aikinka, tana buɗe maka kujerar kwansaltan da ta malamin jami'a. Ta Afirka ta Yamma ana mutunta ta a Gana da Gambiya da Saliyo da Laberiya. A Ingila ko Amurka kuwa ba ta mayar da kai kwansaltan kai tsaye.

Hanya ta biyu: Ingila

Ƙofar shiga ita ce rajista da hukumar likitocinsu, GMC. Yawancin namu suna bi ta jarrabawar Turanci, IELTS da maki 7.5 ko OET, sannan jarrabawar cancantar aikin likita, PLAB 1 da PLAB 2. A 2025, ta farkon kuɗinta wajen fam 270 ne, ta biyun kusan fam 1,000, kuma sai ka je Mancesta da kanka za ka yi ta, ga biza, ga jirgi, ga masauki, ga kuɗin makarantar share fage. A canjin 2025, da fam ɗaya ke wajen naira 2,000, ka san miliyoyi ne. Wanda ya riga ya mallaki ɗaya daga takardun ƙwarewa na can, wato MRCP ta cututtukan manya, ko FRCPath ta ɗakin gwaji, ko FRCR ta gashi, yana iya samun rajista ba tare da PLAB ba.

Bayan rajista, kusan kowa sai ya fara da aikin da ba na horo ba na shekara ɗaya ko biyu, don ya san tsarin NHS, wato asibitocin gwamnatinsu, kuma a sa masa hannu a takardar cancanta. Daga nan shekara 2 na horon cututtukan manya tare da cin MRCP. Sai ka zaɓa: jini shekara 5 da jarrabawar FRCPath kashi biyu, ko kansa ta magani zalla shekara 4, ko kansa ta magani da gashi shekara 5 da jarrabawar FRCR. Ka lissafa shekara 8 zuwa 10 daga saukarka filin jirgi. Albashin mai horo a matakin farko yana wajen fam 50,000 a shekara kafin haraji, ya haura 60,000 a mataki na gaba. Haraji da kuɗin haya da na renon yara suna cin kaso mai tsoka, amma mutum yana rayuwa da mutunci har ya aiko gida.

A ganina, idan likitan jini kake so ka zama kuma kana da niyyar dawowa, babu horon waje da ya dace da aikinmu kamar wannan. Dalilin shi ne abin da na faɗa a sama: za a sa ka zauna gaban madubi na tsawon shekaru, za a koya maka bankin jini da matsalolin daskarewar jini, za ka yi aiki a sashen dashen ɓargo, kuma a Landan da Bamingam da Mancesta akwai masu sikila da yawa, 'ya'yan mutanenmu da na Karibiyan. Birtaniya ce ƙasar farko da ta amince da Casgevy, maganin gyaran ƙwayar halitta na sikila, a Nuwamba 2023. FRCPath takarda ce mai ƙarko, tana ci a Birtaniya da ƙasashen Larabawa na Gulf da wurare da dama.

Haɗarin yanzu a bakin ƙofa yake. Masu neman gurbin horo sun ninka a 'yan shekarun nan, guraben kuma ba su ƙaru daidai da su ba. Akwai waɗanda suka ci PLAB 2 suka yi watanni suna cike takardun neman aiki ba a kira su ba. A 2025 gwamnatin Birtaniya ta bayyana a shirinta na lafiya na shekara 10 cewa za ta fifita waɗanda suka yi karatun likita a can wajen rabon guraben horo. Nijeriya da Nijar da Gana kuma suna cikin jerin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a je ana zawarcin ma'aikatan lafiyarsu; wannan bai hana ka nema da kanka ba, amma ya hana asibitocinsu zuwa nemanka. Babban abin tsoro shi ne mutum ya shekara 6 yana aikin cike gurbi, yana da albashi amma ba ya matsawa ko taki ɗaya zuwa ga ƙwarewar da ta fitar da shi daga gida.

Hanya ta uku: Amurka

Nan ne aka fi kashe kuɗi kafin a ga ko sisi. Jarrabawar lasisin likita ta can, USMLE, mataki na 1, wanda tun 2022 ya koma ci ko faɗuwa kawai, da mataki na 2, wanda makinsa ne yanzu ake dubawa, a 2025 kowanne ya haura dala 1,000 idan aka haɗa da ƙarin da ake caza wa mai rubutawa a wajen Amurka. Ga OET, ga takardar ECFMG, hukumar da ke tantance likitocin da suka yi karatu a wajen Amurka, ga kuɗin tura takardu zuwa asibitoci masu yawa, ga watannin da ake so ka yi kana bin likitocinsu don ka samu wasiƙar shaida daga can. Ba wuya jimlar ta wuce dala 10,000, kuma babu tabbacin sunanka zai fito a rabon gurabe na watan Maris. Yawan shekarun da ka yi da gama makaranta ma yana rage maka daraja a idon asibitoci da dama, don haka wannan hanya ta mai sammako ce.

Idan ka samu shiga, lissafin a miƙe yake: shekara 3 na cututtukan manya, sai ka sake shiga wata gasar, ka yi shekara 3 na jini da kansa a haɗe. Mai son yara kuma shekara 3 na yara, 3 na jini da kansar yara. Gashin kansa shekara 5 ne, kuma da wuya baƙo ya samu. Albashin mai horo yana tsakanin dala 60,000 da 75,000. Ko kana kwansaltan a gida, galibi daga farko za ka faro.

Abin da za ka samu a can ba ƙarami ba ne. Cibiyoyi irin su MD Anderson a Hustan, da Memorial Sloan Kettering a Niyok, da St. Jude a Memfis, a nan ake gwada sababbin magunguna kafin su isa ko'ina. Maganin CAR-T, wanda ake sarrafa ƙwayoyin garkuwar mara lafiya su yaƙi kansar jini, a can aka fara amincewa da shi a 2017. Mai son bincike, mai son ya jagoranci gwajin magani, mai son albashi mafi tsoka a duniya, nan ne wurinsa. Amma ka riƙe wannan: horon an gina shi ne a kan cewa duk gwajin da ka nema zai zo gobe, duk maganin da ka rubuta inshora zai biya. Casgevy farashinsa dala miliyan 2.2 ne a can. Wanda ya dawo da wannan horo zuwa asibitin da shi ake jira ya karanta ɓargo ya kuma kula da bankin jini, sai ya sake zama ɗalibi na wani lokaci.

Haɗari mafi girma a yau biza ce. Yawancin baƙi suna horo ne da bizar J-1, wadda ke wajabta komawa gida na shekara 2 bayan an gama, sai dai in ka yarda ka yi shekara 3 a yankin da ba shi da likitoci. A Satumba 2025 aka ɗora kuɗi dala 100,000 a kan sababbin takardun bizar aiki ta H-1B. A Disamba 2025 kuma aka sa Nijeriya cikin ƙasashen da aka taƙaita wa biza, har da ajin J da na ziyara, aka sa Nijar cikin waɗanda aka rufe wa ƙofa gaba ɗaya, kamar yadda aka yi wa Chadi da Sudan tun watan Yuni na shekarar. Irin waɗannan dokoki suna canzawa da canjin gwamnati. Ka tabbatar da halin da ake ciki a ranar da za ka biya kuɗin jarrabawar farko, kada ka sayar da filin gado a kan ƙofar da take kulle.

Hanya ta huɗu, wadda ba a cika yi wa talla ba

Ka gama a gida, ko ka ci fat wan, sannan ka fita na wata 3 zuwa shekara 2 don koyon abu guda takamaimai wanda sashenku ya rasa. Dashen ɓargo a Vellore ta Indiya, inda suka fara tun 1986 kuma suka iya yin sa da kuɗi kaɗan. Gashin zamani a Asibitin Tata Memorial na Mumbai, mai cunkoson marasa lafiya irin namu. Kansar yara a Asibitin 57357 na Alƙahira, ko a Kef Tawun ta Afirka ta Kudu, inda akwai shirin horar da likitocin yara na Afirka. Cibiyar Kansa ta Yuganda a Kamfala, ƙasar da Denis Burkitt ya fara bayyana limfomar da ke kumbura muƙamuƙin yara a 1958. Hukumar makamashin nukiliya ta duniya tana ɗaukar nauyin horon ma'aikatan gashi ta hannun gwamnati, ƙungiyar likitocin jini ta Amurka tana da tallafin ziyarar koyo na 'yan makonni, haka ƙungiyar yaƙi da kansa ta duniya da ke Janiba.

Kuɗin ya danganta da samun mai ɗaukar nauyi. A Afirka ta Kudu, baƙo yakan yi horo ne ba albashi, don haka in ba tallafi, aljihunka ne. A wasu wuraren kuma kallo kawai za a bar ka ka yi. Ka tambaya a rubuce tun kafin ka tashi: zan taɓa mara lafiya ko kuwa? Sannan ka zauna da shugabannin asibitinku a san ko kayan aikin zai iso kafin ka dawo, domin hannun da ya koyi abu ya shekara biyu bai yi ba, mantawa yake yi.

Ɗan'uwa na Nijar, naka tsarin daban ne: horon ƙwarewa na DES na shekara 4 ƙarƙashin CAMES, majalisar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, wanda da yawa ke yi a Dakar ko Abijan ko Maroko, sai ƙarin horo na DFMS ko DFMSA a Faransa ga wanda ya samu. Cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa da ke Yamai ta fara gashi a 2021, kuma masu sikila na Maraɗi da Damagaram ba su da bambanci da na Katsina da Daura.

| Ma'auni | Gida | Ingila | Amurka | Gida da gajeren horo a waje |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗin shiga | Kaɗan | Fam dubbai | Dala 10,000 ko fiye | Kaɗan in da tallafi |
| Shekaru | 5 zuwa 6, yajin aiki na ƙarawa | 8 zuwa 10 | 6, ban da na shiri | 6 zuwa 8 |
| Samun gurbi | Jini da sauƙi, gashi da wuya | Yana ƙara tsanani | Gasa sau biyu | Sai da haɗin manya da naci |
| Madubi da bankin jini | Sosai | Sosai | Kaɗan | Sosai |
| Sababbin magunguna da dashe | Kaɗan | Da yawa | Mafi yawa | Abu guda da ka zaɓa |
| Inda takarda ke ci | Nijeriya da maƙwabta | Ƙasashe da yawa | Amurka da ƙasashe da yawa | Gida, da ƙarin daraja |
| Babban haɗari | Rashin kaya da malamai | Maƙalewa ba horo | Biza | Dawowa ba kayan aiki |

Wa ya dace da wacce

Idan sikila ce ta kawo ka wannan fanni, kuma kana ganin kanka kana tsufa a Kano ko Gusau ko Bauci, ka tsaya gida ka yi fannin jini, ka zaɓi sashen da ke da manya aƙalla uku, ka sa ido tun fat wan a kan abu guda da za ka fita ka koyo. Wannan ita ce shawarar da zan ba ƙanena na ciki ɗaya. Idan da hali ka rubuta FRCPath kana nan, domin ana barin na waje su zauna mata, kuma karatunta kaɗai zai gyara maka aiki.

Idan matan da ke zuwa da kansar nono da ta bakin mahaifa ne suka hana ka barci, gashi da kemo a haɗe kake buƙata. Ka nemi gurbi a cibiyar da injinta ke aiki a yanzu, ko da a Ibadan ne ko Legas, ka ƙara da horon hukumar nukiliya ko na Mumbai. Ƙanwata, kada maganar haske ta tsorata ki: likita ba ya cikin ɗaki lokacin da injin ke aiki, akwai na'urar auna haske da ake maƙalawa, kuma mai juna biyu ana sauya mata aiki.

Idan kana da shekara 26 ko 27, ba ka da nauyin iyali, akwai mai tsaya maka da kuɗi, kuma bincike ne burinka, Amurka ce, da sharaɗin ƙofar biza ta buɗe. Ka riƙe firamaren gida a hannu kana jira, kada shekaru su wuce kana zaune.

Idan kana son horon waje cikakke amma zuciyarka tana gida, Ingila ta fi kusa da aikinmu, musamman a jini. Ka fara MRCP tun kana nan, ka sa wa kanka wa'adi: in shekara 3 ta cika ba ka samu gurbin horo ba, ka sake zama da iyalinka a duba.

Idan kuwa ka riga ka ci fat wan, kana da mata da 'ya'ya a makaranta da iyaye tsofaffi da ke duba hanyarka, kada ka ajiye shekara uku da ka riga ka yi ka koma farko a wata ƙasa. Ka ƙarasa fat tu, sannan ka rubuta wa Vellore ko Alƙahira ko Kef Tawun da wasiƙar shugaban sashenku a haɗe.